Zakin dutse na Amurka: yadda ake farautarsa da taƙaddamar da ake yi kan karnuka

Zakin dutse shi ne babbar dabba ɗaya tilo daga dangin kyanwa da har yanzu doka ta yarda a yi farautarta don nishaɗi a yawancin jihohin yammacin Amurka, da kuma lardunan Alberta da British Columbia na ƙasar Kanada. A kowace shekara mafarauta masu lasisi suna kashe 'yan dubbai daga cikinsu, kuma mafi yawa ana harbo su ne daga kan bishiya ko bakin dutse bayan karnuka sun kai su can. Wannan hanya ta farauta da karnuka ita ce ta raba kan Amurkawa fiye da shekara 30, har aka kai maganar gaban masu jefa ƙuri'a a jihohi da dama.

Wace irin dabba ce

Duk da sunansa, zakin dutse ba shi da kusanci da zakin Afirka. Ba shi da geza, ba ya ruri, kuma masana sun fi danganta shi da ƙananan kyanwoyin daji. Yakan yi gurnani irin na kyanwar gida, macen kuma tana da wata ƙara mai tayar da hankali a lokacin barbara. Launinsa ɗaya ne, ruwan ƙasa mai ɗan ja, cikinsa fari-fari, da doguwar jela mai baƙin baki. 'Ya'yansa ne kaɗai ke da ɗigo-ɗigo, waɗanda ke dushewa idan sun girma. Namiji yakan kai kilo 50 zuwa 100, mace kuma kilo 30 zuwa 60, wato a jiki ya kai damisa ko ya ɗan fi ta.

Babu wata dabbar daji mai shayarwa a nahiyar Amurka da mazauninta ya kai nasa faɗi. Ana samunsa tun daga yankin Yukon na Kanada har kudancin tsaunukan Andes a ƙasashen Chile da Ajantina, a dazuzzuka da hamada da duwatsu. Wannan ne ya sa sunayensa suka yi yawa: wasu su ce kuga, wasu fuma, mutanen Fulorida kuma su ce fanta, alhali dabba ɗaya ce.

Abincinsa mafi yawa barewa ce, kuma babban zaki yakan kashe kimanin guda ɗaya a mako. Yakan laɓe ya yi kwanton ɓauna, ya dira a kan dabbar ya cije ta a wuya, sa'an nan ya ja gawar zuwa gindin wani kurmi ya rufe ta da ganye ko ƙanƙara, ya riƙa komawa yana ci har ta ƙare. Shi kaɗai yake yawo, galibi da dare ko da duku-duku. Akwai makiyaya da suka yi shekara da shekaru a ƙasar da zakunan ke ciki ba su taɓa ganin ko ɗaya da ido ba, sai dai sawu. Wannan ɓuya tasa ita ce asalin dogaro da kare wajen farautarsa.

Zamanin lada

Turawan da suka zauna a gabashin Amurka sun ɗauki zakin dutse a matsayin maƙiyin garke, kuma tun zamanin mulkin mallaka hukumomi suka riƙa biyan lada ga duk wanda ya kawo fatarsa. Da aka haɗa wannan da sare dazuzzuka da ƙarar da barewa, sai dabbar ta ɓace daga gabashin ƙasar baki ɗaya, in ban da ɗan ragowar da ya maƙale a fadamun kudancin Fulorida. A 2011 hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayya ta bayyana cewa zakin dutsen gabas ya ƙare, a 2018 kuma ta cire sunansa daga jerin dabbobin da ake karewa.

A yamma ma an bi wannan hanya. Jihar Kalifoniya ta biya lada daga 1907 zuwa 1963, ta fara da dala 20 a kan kowane kai, daga baya ta riƙa biyan kuɗin mace fiye da na namiji domin a yanke haihuwa. A wannan tsakani an kashe fiye da 12,000. Jihar har ta ɗauki mafarauci na gwamnati, Jay Bruce, wanda shi kaɗai ya kashe kusan 700 da karnukansa. A kudu maso yamma sunan Ben Lilly ne ya shahara, mutumin da ya shafe rayuwarsa a daji yana bin zaki da beyar da ƙafa.

Manyan mutane ma sun shiga. A farkon 1901, gab da rantsar da shi mataimakin shugaban ƙasa, Theodore Roosevelt ya yi makonni yana farautar zakin dutse kusa da garin Meeker a jihar Kolarado, tare da wani jagora mai suna John Goff da garken karnukansa. Wasu daga cikin zakunan da wuƙa ya ƙarasa su yayin da karnuka ke riƙe da su. Ƙoƙon kan ɗaya daga ciki ya daɗe yana riƙe da matsayi na farko a kundin ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda shi Roosevelt ɗin ya kafa a 1887.

Abin da ya fara sauya tunanin masana shi ne labarin tudun Kaibab a arewacin Arizona. Bayan an keɓe wurin a 1906 domin kare barewa, sai aka shiga kashe zakuna da sauran masu cin nama, har aka hallaka ɗaruruwan zakuna. Barewa ta yi yawa ta cinye tsirrai, a tsakiyar shekarun 1920 kuma yunwa ta kashe su da yawan gaske. Daga baya wasu masana sun yi jayayya da alƙaluman da aka yaɗa, suka nuna cewa janye shanu da tumaki daga wurin shi ma ya taimaka wajen yawaitar barewar, amma labarin ya riga ya shiga littattafan makaranta. Tsakanin 1965 da farkon shekarun 1970, jihohin yamma ɗaya bayan ɗaya suka soke lada, suka mayar da zakin dutse dabbar farauta mai lasisi da lokaci da adadi. Kolarado da Nebada ne suka fara. Tun daga nan yawansa ya farfaɗo.

Yadda ake bi da karnuka

Lokacin farauta a yawancin jihohi hunturu ne, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana nuna sawu ƙarara, tana kuma riƙe wari. Mafarauta kan fita tun kafin asuba a mota ko a keken ƙanƙara, suna bin hanyoyin daji a hankali suna haska fitila, har su ga inda zaki ya tsallaka. Sawunsa ya sha bamban da na kare: a zagaye yake, ba alamar farce saboda yana maƙale faratansa idan yana tafiya, kuma bayan tafin yana da lanƙwasa uku. Gwani yakan auna faɗin tafin da nisan taku kafin ya saki kare ko ɗaya. Takun da ya wuce mita ɗaya galibi na namiji ne. Idan kuwa aka ga ƙananan sawaye a gefen babba, to uwa ce da 'ya'ya, kuma doka ta hana a bi ta.

Karnukan da ake amfani da su ba irin na farautarmu ba ne masu gani su bi da gudu. Su da hanci suke aiki. Nau'o'in da aka fi sani su ne Bluetick da Redbone da Treeing Walker da Black and Tan da kuma Plott, dukkansu masu dogayen kunnuwa da babbar murya. Akan fara sakin kare mafi ƙwarewa, wanda ke iya ɗaukar warin da ya kwana. Idan ya kama hanya sai a saki sauran. Mai karnuka yana gane halin da ake ciki daga muryarsu: dogon kuka jefi-jefi yana nufin sawun tsoho ne, idan kukan ya ƙaru to an tayar da zakin daga makwancinsa, idan kuma ya koma gajeren haushi ba ƙaƙƙautawa a wuri ɗaya, to dabbar ta hau sama. A jihar Kolarado doka ta taƙaita garke ɗaya zuwa karnuka takwas.

Abin mamaki shi ne dabbar da za ta iya kashe kare da mari ɗaya tana gudu daga karnuka. Dalili a jikinta yake. Zakin dutse yana da saurin gaske a ɗan gajeren zango, amma numfashinsa ba ya jure dogon gudu, su kuwa karnuka suna iya yini suna tafe. Masana da yawa suna ganin ya gaji wannan ɗabi'a ce daga zaman dubban shekaru da kyarketai, waɗanda ke zuwa a garke kuma ba sa hawa bishiya. Bin sawun na iya ɗaukar sa'o'i, amma kora ta ƙarshe sau da yawa ba ta wuce 'yan mintuna. Da zarar ya hau, yakan kwanta a kan reshe yana kallon karnukan, wani lokaci har ya yi gyangyaɗi.

A yau kusan kowane kare yana sanye da abin wuya mai haɗe da tauraron ɗan'adam, mai shi yana ganin inda yake a ɗan allo a hannunsa. Masu karnuka sun ce na'urar tana ceton karnukan da suka ɓace, tana kuma hana su shiga gonakin mutane ko hawa kwalta. Masu suka sun ce ta cire wahalar da a dā ke ba dabbar damar tsira. Ko da na'ura, isa gindin bishiyar yakan buƙaci hawan dutse cikin ƙanƙara har gwiwa. A Arizona da Niyu Meksiko, inda ƙanƙara ba ta cika sauka ba, ana bin sawu a busasshiyar ƙasa bisa alfadari, wani lokaci kwanaki a jere, kuma masu sana'ar suna ɗaukar wannan a matsayin mafi wuyar fanni.

A gindin bishiya ake yanke shawara. Mafarauci yana da lokacin da zai ɗaure karnuka, ya duba dabbar da tabarau mai kawo nesa kusa, ya nemi baƙin tabon gashi da namiji ke da shi ƙasa da gindin jela, ya duba ko mace ce mai shayarwa. Da yawa sukan ɗauki hoto su janye karnukansu, wasu jihohin ma suna da lokacin kora kawai ba harbi. Idan za a harba, ana yi ne daga 'yan mitoci da bindiga ko baka. Karnuka su ma suna biyan nasu kuɗin: zakin da ya ƙi hawa ya juya ya tsaya a ƙasa yakan raunata su ko ya kashe su, a Aidaho da Montana kuma kyarketai kan far wa karnukan da suka shiga yankinsu.

Ba tare da kare ba

Farautar zakin dutse ba kare aiki ne mai wuyar nasara. Wasu kan bi sabon sawu da ƙafa a kan ƙanƙara, da fatan su cim ma dabbar a makwanci. Wasu kan zauna su busa abin da ke kwaikwayon kukan zomo ko ɗan barewa da ya ji rauni, ko muryar wani zakin. Wasu kuma kan tsare gawar dabbar da zaki ya binne, a inda doka ta yarda. A duwatsun Black Hills na Dakota ta Kudu, inda aka buɗe farauta a 2005, da waɗannan hanyoyi aka fi yin ta. Amma a jihohin da aka hana karnuka, yawancin zakunan da ake kashewa tsautsayi ne ke kai su gaban maharbin barewa da ke da lasisin zaki a aljihu. Irin wannan maharbi yakan ga dabbar na 'yan daƙiƙa, ba shi da damar tantance mace da namiji ko babba da ƙarami.

Ƙuri'u da abin da ya biyo baya

Kalifoniya ce ta fara rufe ƙofa. Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar dakatar da farautar a 1971, a 1990 kuma masu jefa ƙuri'a suka amince da ƙudiri mai lamba 117 wanda ya haramta ta gaba ɗaya. Yunƙurin soke shi a 1996 bai yi nasara ba. Duk da haka jihar tana iya ba da izinin kashe zakin da ya addabi dabbobin gida ko ya yi barazana ga mutane.

Jihohin Oregon a 1994 da Washintan a 1996 sun ɗauki wata hanya: suka bar farautar, suka hana karnuka. Sakamakon bai zo yadda ɓangarorin biyu suka zata ba. Da farko adadin da ake kashewa ya faɗi ƙasa warwas. Hukumomin namun daji, don gudun kada zakuna su yi yawa, sai suka karya farashin lasisi, suka tsawaita lokacin farauta, a Washintan har aka cusa lasisin zaki cikin na barewa. Masu riƙe da lasisi suka tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubun-dubatar mutane. Cikin 'yan shekaru kisa ya koma yadda yake a dā, har ya zarce, kuma a Washintan masanan hukumar sun ga kason mata da ƙanana ya ƙaru a cikin abin da ake harbewa. Masu kare farauta da karnuka suna kafa hujja da wannan har gobe.

Su ma masu adawa suna da tasu hujja mai nauyi. Sun ce harbin dabbar da ta gaji ta maƙale a reshe ba farauta ba ce, musamman idan wani baƙo ne ya biya jagora dubban daloli aka kira shi bayan karnuka sun gama aikin. Sun kuma nuna cewa a jihohin da ake amfani da karnuka ma, mata suna da babban kaso a cikin abin da ake kashewa. Macen zakin dutse tana iya haihuwa a kowane wata na shekara, 'ya'yanta kan zauna da ita har wata 18 ko fiye, kuma sau da yawa takan bar ƙananan a ɓoye ta fita neman abinci. Maharbin da ya gan ta ita kaɗai a bishiya ba lallai ya san tana da 'ya'ya ba, su kuwa 'yan watanni kaɗan ba su cika rayuwa ba idan uwa ta mutu.

Sai kuma batun ko farauta tana rage ɓarna. Binciken da Robert Wielgus da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Jihar Washintan ya nuna cewa inda aka tsananta kashe manyan maza, ƙorafe-ƙorafen jama'a da kai wa dabbobi hari suna ƙaruwa a shekarar da ta biyo. Bayaninsu shi ne babban namiji yana tsare ƙasa mai faɗi yana korar samari, idan ya mutu sai samari da yawa marasa gogewa su shigo, su ne kuma suka fi kusantar gidaje da garke. Ba duk masana suka yarda da ƙarfin wannan sakamako ba, amma a 2012 Washintan ta tsara cewa kada kisa a kowane yanki ya wuce kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari na zakunan da ke wurin, daidai da abin da suke iya mayarwa ta haihuwa. Hare-hare kan mutane kuwa ba su da yawa: waɗanda zakin dutse ya kashe a Amurka da Kanada cikin fiye da shekara 100 kimanin 30 ne.

Karo na baya-bayan nan mafi girma shi ne na Kolarado a watan Nuwamban 2024, inda aka nemi hana farautar zakin dutse da wasu kyanwoyin daji biyu ta ƙudiri mai lamba 127. Masu ƙuri'a sun yi watsi da shi da kimanin kashi 55 cikin ɗari. Hukumar jihar tana ƙiyasta zakuna 3,800 zuwa 4,400, ana kuma kashe kusan 500 a shekara. Tsarinta yana cikin mafi tsauri: dole mafarauci ya ci jarrabawar tantance mace da namiji kafin a ba shi lasisi, ya duba ko adadin yankinsa bai cika ba kafin ya fita, ya kai rahoto cikin sa'o'i 48, ya gabatar da dabbar a duba ta, ya kuma gyara naman domin ci. Naman fari ne kuma masu ci suna yabonsa, sai dai yana iya ɗauke da tsutsar da ke shiga tsokar mutum idan bai dahu sosai ba. A 1995 wasu mutane a Aidaho sun kamu da cutar bayan sun ci busasshen namansa da aka yi kamar kilishi.

Wasu jihohin sun nufi ɗaya ɓangaren. A 2023 jihar Yuta ta buɗe farautar duk shekara ga duk mai lasisin farauta, ta kuma halatta tarko. A Tekzas zakin dutse ba ya cikin dabbobin farauta masu kariya, ana iya kashe shi kowane lokaci ba adadi, kuma sai a 2024 jihar ta hana harbin wanda aka tsare a keji, ta wajabta duba tarko cikin kowane sa'o'i 36. A Kudancin Amurka rikicin da makiyayan tumaki ne: Chile ta haramta farautarsa, har masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi don ganinsa a gandun dajin Torres del Paine, alhali a ƙetaren iyaka wasu lardunan Patagoniya na Ajantina sun ci gaba da ba da lada a kan fatarsa har cikin wannan ƙarni.

Karnuka a hannun masana

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwar wannan dabba ta hanyar karnukan farauta aka same shi. A 1964 Maurice Hornocker ya fara bincike mai zurfi na farko a dajin tsakiyar Aidaho, tare da wani mai karnuka, Wilbur Wiles. Sukan kai zaki bishiya, su harbe shi da allurar barci, su sauko da shi da igiya, su auna shi su sa masa alama su sake shi. Aikin nasu ne ya nuna cewa manyan zakuna suna raba ƙasa a tsakaninsu, kuma wannan tsari yana taƙaita yawansu. Har yanzu haka ake kama su don sanya musu abin wuya, kuma ko a jihohin da suka hana farauta da kare, hukuma takan kira masu karnuka idan wani zaki ya kai hari.

A Fulorida, a farkon shekarun 1970, babu tabbacin ko akwai sauran fanta a raye. Aka ɗauko Roy McBride daga Tekzas, mutumin da ya yi suna wajen kashe zakuna da kyarketai domin makiyaya, kuma a 1973 karnukansa suka kai wata tsohuwar mace bishiya. Ragowar ba su wuce 20 zuwa 30 ba, barbarar dangi kuma ta jawo musu ciwon zuciya da ƙarancin haihuwa. A 1995 McBride ya kamo mata takwas daga Tekzas aka sake su a kudancin Fulorida domin sabunta jini. A yau hukumomin jihar suna ƙiyasta manya 120 zuwa 230, an haramta farautarsu tun shekaru da dama, kuma abin da ya fi kashe su yanzu shi ne motoci a kan manyan hanyoyi.